'Yan sandan magajin gari a Faransa: ina ikonsu ya fara, ina ya tsaya?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ɗan Damagaram ne, ina zaune a wani ƙaramin gari kusa da Lyon, ina aikin kai abinci gidaje a kan keke. Kwanakin baya wasu jami'ai biyu da aka rubuta Police municipale a bayan rigarsu suka tsayar da ni saboda na hau gefen titi na masu tafiya a ƙasa. Suka nemi katin shaida, na ce na bar shi a gida, suka hana ni tafiya har ɗayansu ya yi waya, sannan suka rubuta sunana suka sallame ni. Yanzu takardar tara ta iso, yuro 135. Abokaina sun kasu biyu. Wasu sun ce waɗannan ba 'yan sanda ba ne, ma'aikatan magajin gari ne kawai, da na yi tafiyata babu abin da za su iya yi. Wasu kuma sun ce da sun ga dama da sun sa an mayar da ni gida, tunda katin zamana yana hannun hukuma ana sabunta shi. Wanne ne gaskiya?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku kake son sani: ko waɗannan jami'ai suna da ikon tsayar da kai su hana ka tafiya, ko suna da hurumi a kan takardun zamanka, da kuma abin da ya kamata ka yi da takardar tarar da ke hannunka. Amsa a taƙaice ita ce ɓangarorin abokanka biyu duk ba su yi daidai ba, amma kuskuren na farko ya fi haɗari nesa ba kusa ba, domin shi ne yake mayar da tarar yuro 135 ta koma shari'ar da za ta iya kai mutum kurkuku. Na daɗe ina aikin tafinta a ofisoshin 'yan sanda da kotuna a nan Faransa, ina kuma zama a teburin ba da shawarar shari'a na wata ƙungiya mai taimaka wa baƙi, kuma abin da na fi gani yana jefa mutanenmu cikin wahala shi ne rashin sanin inda ikon kowane jami'i ya tsaya.

Su wane ne, kuma wa suke yi wa aiki

Jami'an tsaron cikin gida a Faransa kashi uku ne. Akwai 'yan sandan ƙasa, waɗanda suke kula da manyan birane, akwai jandarma masu kula da karkara da ƙananan garuruwa, kuma waɗannan biyun gwamnatin tsakiya ce take ɗaukarsu, take biyansu. Na uku su ne waɗanda suka tsayar da kai, 'yan sandan gari, waɗanda magajin gari ne ubangidansu, kuma daga baitulmalin garin ake biyansu albashi. Ba dole ba ne kowane gari ya kasance da su. A cikin garuruwa da ƙauyuka kusan 35,000 masu magajin gari a ƙasar, 'yan dubbai ne kawai suke da su, kuma yawansu duka bai wuce dubu ashirin da 'yan kai ba, alhali 'yan sandan ƙasa da jandarma idan aka haɗa su sun haura dubu ɗari biyu.

Tushen abin tsoho ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 5 ga Afrilu 1884 ta ɗora wa magajin gari alhakin tabbatar da tsari, da kwanciyar hankali, da tsaro, da tsaftar gari, kuma waɗannan abubuwa har yau su ne a rubuce a kundin dokokin ƙananan hukumomi. A 1941, zamanin gwamnatin Vichy wadda ta mulki Faransa lokacin mamayar Jamus, aka ƙwace 'yan sandan garuruwan da suka wuce mutum 10,000 aka mayar da su hannun gwamnatin tsakiya, sai 'yan sandan gari suka kusa ɓacewa. Daga shekarun 1980 ne magadan gari suka fara farfaɗo da su, kowa da irin tsarinsa, har abin ya so ya zama kara-zube, shi ya sa aka yi dokar 15 ga Afrilu 1999, wadda ta tsara tufafinsu, da katin aikinsu, da motocinsu, da makamansu, domin kada a riƙa rikita su da 'yan sandan ƙasa. Birnin Paris kansa bai samu nasa ba sai a 2021.

Kafin mutum ya sa wannan riga sai ya ci jarrabawar ɗaukar aiki, ya yi horo na wata shida, sannan ya samu amincewar hukumomi biyu waɗanda ba sa ƙarƙashin magajin gari: firefe, wato wakilin gwamnati a yankin, da kuma mai gabatar da ƙara na kotun yankin. Bayan haka sai ya yi rantsuwa a gaban kotu. Kowanne daga cikin hukumomin biyu yana iya janye amincewarsa, kuma da zarar an janye, jami'in ba shi da ikon ci gaba da aikin ko da magajin gari yana sonsa. Saboda haka maganar cewa su ma'aikatan ofis ne da aka ɗinka wa kaki ba ta da tushe. A idon doka jami'ai ne masu riƙe da ikon hukuma, kuma abin da suka rubuta a kan ƙaramin laifi kotu tana ɗaukarsa gaskiya ne har sai an kawo hujja a rubuce ko shaidu da suka rushe shi.

Yawancin aikinsu na yau da kullum ba ya jawo gardama: tsare ƙofar makarantu lokacin shiga da tashi, kula da kasuwanni da bukukuwa, hayaniyar dare, karnuka masu haɗari, motocin da aka ajiye inda bai kamata ba, zubar da shara a kan titi, da tabbatar da an bi umarnin da magajin gari ya sa wa hannu. Ikonsu kuma yana ƙarewa a iyakar garinsu, sai dai inda garuruwa maƙwabta suka yi yarjejeniyar yin tarayya da jami'ai.

Batun katin shaida da hana ka tafiya

A nan ne maganar take da nauyi, don haka zan ɗan daɗe a kai. Dokar Faransa ta raba laifuka hawa uku: ƙananan laifuka waɗanda hukuncinsu tara ce kawai, matsakaita waɗanda ake iya ɗaure mutum a kansu, da manya irin su kisan kai. Ta kuma raba jami'ai hawa-hawa wajen bin diddigin laifi. A sama akwai jami'in binciken laifi, wanda za ka ji ana kira OPJ, kuma a aikace ɗan sandan ƙasa ne ko jandarma. Shi ne yake da ikon buɗe bincike, da tsare wanda ake zargi a ofis, da yi masa tambayoyi. Ɗan sandan gari yana hawa na ƙasa, wanda sashe na 21 na kundin shari'ar laifuka ya kira mataimaki. Aikinsa ya gani, ya rubuta, ya kai rahoto. Yana cin tara a kan saɓa umarnin magajin gari da kuma mafi yawan ƙananan laifukan hanya, kuma hawa gefen titi da keke yana cikinsu. Duk abin da ya wuce wannan dole ne ya miƙa shi ga jami'in bincike ba tare da ɓata lokaci ba.

Daga wannan rabo ne bambanci mai muhimmanci ya fito. Ɗan sandan ƙasa ko jandarma yana iya tsayar da mutum ya nemi ya tabbatar da ko shi wane ne bisa sharuɗɗan sashe na 78-2 na wannan kundi, ko da mutumin bai aikata komai a gabansa ba, misali idan mai gabatar da ƙara ya ba da umarnin a yi haka a wata unguwa na wasu sa'o'i. Ɗan sandan gari ba shi da wannan iko sam. Abin da yake da shi ya fi haka ƙanƙanta, kuma yana sashe na 78-6: idan ya same ka da ƙaramin laifin da doka ta ba shi damar cin tara a kai, yana da ikon neman sunanka da shaidarsa domin ya san wanda zai rubuta wa takardar. Wato laifin ne yake buɗe masa ƙofar tambaya. In babu laifi, babu dalilin neman kati.

To, a naka lamarin akwai laifi, tunda kai da kanka ka ce ka hau gefen titin. Da ka ce babu kati a jikinka, doka ta tilasta musu su kira jami'in bincike nan take, kuma wayar da ka ga ɗayansu ya yi ke nan. Jami'in binciken yana da zaɓi: ya ce a kai ka wurinsa, ko a riƙe ka har ya aiko, ko ya ce a sallame ka. Idan bai ba da umarnin riƙewa ba, ba su da ikon ci gaba da tsare ka. Amma a tsakanin kiran da yanke shawararsa wajibi ne ka tsaya, kuma tun 2017 wanda ya yi tafiyarsa a wannan lokaci yana fuskantar ɗaurin wata biyu da tarar yuro 7,500. Da ma tun farko sun ba ka hannu ka ƙi tsayawa, wannan wani laifi ne dabam na ƙin bin umarnin tsayawa, wanda hukuncinsa yake kai wa shekara biyu da yuro 15,000. Don haka tsayawar da ka yi ita ce daidai, kuma bisa abin da ka bayyana, su ma a kan ƙa'ida suka yi aikinsu. Da an ce a kai ka ofis, tantancewar ba za ta wuce awa huɗu ba, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da suka fara neman sunanka a bakin titi.

Akwai wani abu da nake so in ja hankalinka a kai musamman saboda sana'arka. Kowa ya san wasu masu kai abinci suna aiki da asusun manhajar wani, kuma idan aka tsayar da su sai tsoro ya sa su faɗi sunan mai asusun. Na fassara wa mutanen da suka yi haka a gaban alƙali, kuma abin ba ya yi musu daɗi. Amfani da sunan wani mutum na gaske ta hanyar da za ta iya jawo masa tuhuma laifi ne da hukuncinsa yake kai wa shekara biyar da yuro 75,000, kuma irin wannan rubutu a takardar tarihin laifin mutum yana bin sa har ranar da zai nemi sabunta katin zama.

Takardar zama

Dokar shige da fice ta wajabta wa baƙo ya iya nuna takardar da ta ba shi izinin zama, amma ta ambaci waɗanda suke da ikon nemanta, kuma 'yan sandan gari ba sa cikinsu. Ba su da hurumin binciken zamanka, ba su da hurumin tsare ka a kansa, balle su kore ka daga ƙasar. Umarnin barin ƙasa firefe ne yake sa masa hannu, kuma ana ƙalubalantarsa a kotun da take shari'a tsakanin mutum da hukuma. A nan abokanka na biyu suka yi kuskure.

Sai dai ba zan ɓoye maka inda tsoronsu yake da ɗan tushe ba. Ƙaramin laifi haɗe da rashin shaida yana iya kai mutum gaban jami'in bincike, shi kuwa yana da ikon duba halin zamansa, kuma yana iya riƙe shi har awa 24 domin wannan tantancewa. Ta wannan hanya ce na ga tarar keke ta zama sanadin kwanan mutum a ofishin 'yan sanda. Tunda katinka ana sabunta shi, rasit ɗin da ofishin firefe ya ba ka, ko takardar tsawaita zama da aka aiko maka ta intanet, ita ce izininka a yanzu. Ka riƙa yawo da ita a jikinka, ka ajiye hotonta a waya, kuma ka lura da ranar da wa'adinta zai ƙare.

Kamu, laluben jaka da makami

Mutane suna mamaki idan suka ga ɗan sandan gari ya sa wa wani ankwa, suna cewa ai ba shi da ikon kamu. Yana da shi a yanayi ɗaya: idan aka samu mutum yana cikin aikata babban laifi, ko matsakaicin laifin da ake ɗauri a kansa, ko ya gama aikata shi yanzu-yanzu. Wannan iko na sashe na 73 na kundin shari'ar laifuka ne, kuma a gaskiya doka ta ba wa kowane mutum shi, da sharaɗin a miƙa wanda aka kama ga jami'in bincike mafi kusa. A irin wannan hali suna iya shafa jikin mutum ta saman tufafi don tabbatar da ba ya ɗauke da makami, kuma ankwa tana halatta ne kawai idan mutumin yana da haɗari ko ana tsoron zai gudu. Ba su da ikon ajiye shi a ofishinsu su yi masa tambayoyi, ba su da ikon shiga gida su yi bincike, kuma ba a wurinsu ake shigar da ƙara ba. Wanda aka yi wa sata ko aka ci zarafinsa ofishin 'yan sandan ƙasa ko na jandarma zai je, ko ya kira lamba 17.

Akwatin abincin da kake goyawa ba su da ikon tilasta maka buɗe shi a bakin titi saboda laifin hanya. Inda doka ta ba su damar duba jaka shi ne ƙofar filin wasa, ko wurin biki, ko ginin hukumar gari da aka sa su tsarewa, kuma ko a nan kallo ne da ido, laluben ciki sai da yardar mai jakar. Wanda ya ƙi, abin da zai same shi shi ne a hana shi shiga.

Makami kuwa magajin gari ne yake nema, firefe ya ba da izini ga kowane jami'i da sunansa, bayan garin ya ƙulla yarjejeniyar aiki tare da jami'an gwamnati. Shi ya sa za ka ga na Nice ko na Lyon da ƙaramar bindiga a ƙugu, alhali na Paris da aka kafa su ba a ba su bindiga ba. Kisan Clarissa Jean-Philippe, 'yar sandan garin Montrouge da aka harbe ranar 8 ga Janairu 2015 ba ta ɗauke da bindiga, da harin ta'addancin da aka kai a Nice ranar 14 ga Yuli 2016, sun sauya ra'ayin magadan gari da yawa, har ta kai fiye da rabin jami'an suna ɗauke da bindiga. Riƙe ta bai ƙara musu ikon bincike ko kaɗan ba, kuma harbi ba ya halatta gare su sai don kare rai.

Me ya sa aka taƙaita su haka

Majalisar dokoki ta yi yunƙurin faɗaɗa ikonsu, Majalisar kare tsarin mulki ta taka mata birki har sau biyu. Ranar 10 ga Maris 2011 ta soke sashen da ya so ya ba su damar binciken shaidar mutane, kuma ranar 20 ga Mayu 2021 ta soke gwajin da zai ba su damar rubuta wasu matsakaitan laifuka da kansu, ciki har da tallar kaya a titi ba da izini ba. Dalilinta ɗaya ne a duka biyun: tsarin mulki ya danƙa kare 'yancin mutum a hannun alƙalai, don haka duk jami'in da zai bi diddigin laifi dole ne ya kasance ƙarƙashin kulawar ɓangaren shari'a, shi kuwa ɗan sandan gari yana karɓar umarni ne daga magajin gari, wanda ɗan siyasa ne mai neman ƙuri'a.

Mu Hausawa wannan hujja ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Arewacin Najeriya kafin 1966 kowace En'e tana da 'yan dokarta, kuma koke-koken 'yan adawa, musamman 'yan NEPU, cewa ana amfani da su wajen murƙushe abokan hamayya, suna cikin abin da ya sa gwamnatin soja ta rushe su ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ma, yadda aka rubuta shi, bai yarda da wata rundunar 'yan sanda ba sai guda ɗaya. Nijar kuwa ta gaji tsarin Faransa, shi ya sa ka san jami'an ma'aikatar magajin gari a kasuwannin Yamai da Damagaram, ko da yake dokokin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, kuma kada ka auna na nan da na can. A ra'ayina jami'in da ya san unguwa, ya san 'yan kasuwa da iyayen yara, yana da amfanin da rundunar da ake juya ta daga babban birni ba za ta iya bayarwa ba, kuma na ga rigingimun maƙwabta da dama da suka mutu a hannunsu ba tare da an je kotu ba. Amma ina tare da alƙalai cewa ikon bincike da tsare mutum bai kamata ya koma hannun wanda zaɓe ya kawo ba, domin baƙo da talaka su ne na farko da za su ɗanɗana kuɗarsa. A 2024 gwamnati ta fara tattaunawa da magadan gari kan ƙara musu wasu iko, don haka wannan iyaka tana iya matsawa, kuma ya kamata duk mai karanta wannan amsa bayan wani lokaci ya tabbatar da abin da doka take faɗa a ranar.

Abin da za ka yi yanzu

Ban ga takardarka ba, kuma abin da na faɗa bayani ne na gaba ɗaya, ba ya maye gurbin lauyan da zai riƙe ta a hannu. Amma ga yadda irin wannan tara take tafiya. Yuro 135 ita ce asalinta. Idan aka biya cikin kwana 15 daga ranar da aka rubuta a kan takardar tana sauka zuwa yuro 90, idan kuma aka bar ta ta wuce kwana 45 ba a biya ba, ba a kuma ƙalubalance ta ba, tana hawa zuwa yuro 375. Mai biya ta intanet ana ƙara masa kwana 15 a kan kowane wa'adi. Ƙalubalanta ana yin ta ne cikin kwana 45, ta wasiƙa mai rajista ko ta shafin ANTAI, hukumar da take kula da irin waɗannan takardun tara, kuma ka sani cewa biya yana nufin ka amsa laifin, ba a biya sannan a dawo a yi gardama. Tunda ba ka musa hawa gefen titin ba, shawarata ita ce ka biya da wuri a kan ƙaramin farashin, ka ajiye shaidar biyan. Tarar irin wannan ƙaramin laifi ba ta shiga takardar tarihin laifinka.

Idan wata rana ka ga jami'i ya wuce gona da iri, bakin titi ba wurin neman hakki ba ne. Zagin jami'i a bakin aiki yana kai wa ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000, turjiya da ƙarfi kuma shekara biyu da yuro 30,000, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da kyamara a ƙirji. Ka tambaye shi cikin ladabi wane laifi ka yi, ka riƙe lokaci da wuri da lambar motarsu, ka nemi lambar wayar wanda ya shaida abin. Ɗaukar hoton jami'i a kan titi ba laifi ba ne muddin ba ka hana shi aikinsa ba. Daga nan kana iya rubuta wa magajin gari, tunda shi ne yake ladabtar da su, ko mai gabatar da ƙara, wanda yake iya janye amincewarsa, ko ka kai kuka ga hukumar kare hakkin jama'a mai suna Défenseur des droits, wadda aka kafa a 2011, take karɓar koke kyauta daga ɗan ƙasa da baƙo, kuma tana da wakilai a kowane yanki da ake iya zuwa a same su ido da ido.